Abubuwan da ya kamata ka sani game da sana'ar majefin ƙwallo a wasan besbol

Besbol wasa ne da ya kafu a Amurka da Jafan da Koriya ta Kudu, da kuma ƙasashe irin su Kuba, Jamhuriyar Dominika, Benezuwela da Meziko. Cikin 'yan wasa tara da kowace ƙungiya ke tsayarwa a fili, akwai guda ɗaya da babu abin da zai motsa sai ƙwallo ta bar hannunsa, shi ne majefi. Yana cikin waɗanda suka fi kowa albashi, kuma shi ya fi kowa yawan zuwa gaban likita. Dalilin abubuwan nan biyu ɗaya ne, wato aikin da ake biyansa ya yi shi ne ke cin gwiwar hannunsa sannu a hankali. Bayanin da ke tafe zai bi wannan sana'a daga shigarta zuwa fitarta, tare da misalin Tommy John, Ba'amurken da ya yi kakar wasa 26 yana jifa, wanda a yau ake kiran wata tiyata da sunansa.

## Yadda wasan yake

Filin besbol yana da zango huɗu da aka jera a kusurwoyin murabba'i, tsakanin kowane biyu akwai mita 27 da 'yan kai. Inda ake farawa kuma ake ƙarewa shi ake kira gida, an yi masa alama da wani farin faranti na roba da aka binne daidai da ƙasa, faɗinsa santimita 43. Ƙungiyoyi biyu ne ke karɓa-karɓa, ɗaya tana bugu, ɗaya tana tsaro. Mai bugu yana tsayawa a gefen farantin riƙe da kulki, majefi ya jefo masa ƙwallo, shi kuma ya yi ƙoƙarin maka ta nesa, sannan ya sheƙa zuwa zango na gaba kafin masu tsaro su tsinto ta su riga shi kai ta can. Duk wanda ya zagaye zangunan ya dawo gida, ƙungiyarsa ta sami maki ɗaya. Da zarar masu tsaro sun fitar da mutum uku, sai a yi musanya. Idan kowace ƙungiya ta yi bugu sau ɗaya ta yi tsaro sau ɗaya, an yi zagaye guda ke nan, kuma wasa zagaye tara ne.

Majefi yana tsayawa a kan ɗan tudu a tsakiyar fili, mita 18.44 daga farantin gida, tazarar da ba ta canza ba tun 1893. A bayan mai bugu akwai mai cafewa a tsugune cikin kayan kariya, a bayansa kuma alƙalin wasa. Saman farantin akwai wata iyaka a iska wadda ba a zana ta ba, daga wajen ƙirjin mai bugu zuwa ƙasan ƙoƙon gwiwarsa. Idan ƙwallo ta ratsa ta cikinta mai bugu bai kai mata duka ba, ko kuwa ya kai dukan ya kuskure, an ci shi ɗaya. In an ci shi sau uku, ya fita. Idan kuma majefi ya jefa wajen iyakar har sau huɗu mai bugu bai ruɗu ba, sai a ba shi zangon farko kyauta. Duk sana'ar majefi tana cikin wannan lissafi na uku da huɗu.

Babbar gasar duniya a wannan wasa ita ce MLB, mai ƙungiyoyi 30, ashirin da tara a Amurka, ɗaya a Toronto ta Kanada. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan, kafin wasannin sili-ɗaya-ƙwale na Oktoba. Wannan yawan wasa ne ya sa ba a iya dogara ga majefi ɗaya.

## Abin da majefi ke yi da ƙwallo

Ƙwallon besbol ba ta kai girman lemon zaƙi babba ba, nauyinta tsakanin giram 142 da 149. An naɗe cikinta da zare, aka rufe da fatar saniya, aka ɗinke da jan zare ɗinki 108. Wannan ɗinki da ya ɗan taso shi ne makamin majefi. Inda ya ɗora yatsunsa a kansa, da yadda ya murɗa wuyan hannu lokacin saki, su ne ke sa ƙwallo ta yi juyi ta wata fuska. Ƙwallo mai juyi kuwa tana tura iska gefe ɗaya, iskar ta karkatar da ita zuwa ɗaya gefen.

Jifan da aka fi yi shi ne mai gudu. Majefi yana ɗora manuniya da ɗan yatsan tsakiya a kan ɗinki, ya saki ƙwallo tana juyi baya fiye da sau 2,000 a minti. A 2024 matsakaicin gudun irin wannan jifa a MLB ya ɗan haura kilomita 151 a awa, wato ƙwallo na isa farantin gida cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Mafi gudu da na'ura ta taɓa aunawa shi ne na Aroldis Chapman, ɗan Kuba, kimanin kilomita 170 a awa, a shekarar 2010. Sai kuma jifa mai lanƙwasa, wanda ke juyi gaba, ya taho kamar zai wuce ta sama, sai ya nitse a gaban mai bugu. Akwai mai zamewa gefe, akwai kuma jifan yaudara, inda majefi ke wurga hannu da ƙarfi kamar mai gudu ne zai fito, alhali ya cusa ƙwallon cikin tafin hannu yadda za ta taho a hankali, mai bugu ya riga ta kai duka.

Wanda bai san wasan ba yakan ɗauka ƙarfi ne kawai. A gaskiya rabin aikin karanta zuciyar mai bugu ne. Ba shi da lokacin da zai kalli ƙwallo ya yi shawara, dole ya yi hasashe, aikin majefi kuma shi ne ya sa hasashen ya zama kuskure. Kafin kowane jifa, shi da mai cafewa sukan daidaita irin jifan da za a yi da inda za a nufa. A da mai cafewa da yatsu yake yin alama a tsakanin cinyoyinsa. Tun 2022 an amince da wata 'yar na'ura da ke aika saƙon zuwa cikin hular majefi, don hana abokan hamayya satar alamar.

Tommy John bahago ne, kuma bai taɓa shahara da gudu ba. Abin da ya rayu da shi shi ne jifa mai nitsewa, wanda ke ɗan sauka ƙasa daf da isowarsa. Mai bugu yakan daki saman ƙwallon, ta gangara a ƙasa zuwa hannun mai tsaro, a fitar da shi cikin sauƙi. Irin wannan majefi ba ya burge 'yan kallo, amma yana gama mutum da jifa biyu ko uku maimakon shida. Bahagon majefi kuma yana da daraja ta daban, domin irinsa ba su da yawa, masu bugu ba su saba da kusurwar da ƙwallonsa ke fitowa ba.

## Rabon aiki tsakanin majefa

Ƙungiya a MLB tana riƙe 'yan wasa 26 a mafi yawan kaka, kuma har 13 daga cikinsu majefa ne. Biyar su ne masu buɗe wasa, suna bin layi: kowa ya yi jifa yau, ya huta kwana huɗu, ya dawo a na biyar. A kaka ɗaya, wanda bai ji ciwo ba yakan buɗe wasa 32 ko 33. Koci yana ƙirga kowane jifa, kuma da an doshi ɗari sai ya fara tunanin cire shi. A Jafan kuwa an fi saba wa mutum shida, kowa sau ɗaya a mako. Sauran majefan masu karɓa ne, suna zaune a gefe har a kira su, kowa ya yi zagaye ɗaya ko biyu da iyakar ƙarfinsa. Na ƙarshensu shi ne mai rufe wasa, wanda ake ajiyewa don zagaye na tara idan ƙungiya tana gaba da ɗan rata. Mariano Rivera, ɗan Panama da ya yi wa New York Yankees wasa daga 1995 zuwa 2013, ya rufe wasa 652 cikin nasara, babu wanda ya kai shi.

Wannan rabo sabon abu ne idan aka dubi tarihi. Cy Young, wanda ake ba da kyautar gwarzon majefi da sunansa tun 1956, ya yi wasa 749 da ya fara shi kuma ya gama da kansa, ya ci wasa 511. Tommy John ya gama 162. A kakar 2023 da ta 2024, majefan ƙungiyoyi 30 gaba ɗaya ba su haɗa 40 a shekara ba.

Ana auna majefi da ma'auni da dama, amma biyu sun fi yawo a bakin mutane. Na farko yawan wasannin da aka rubuta masa a matsayin nasara, wanda ma'auni ne mai rauni, tunda komai ƙwarewarsa ba zai ci wasa ba idan masu bugun ƙungiyarsa ba su kawo maki ba. Na biyu matsakaicin makin da aka ci shi a kowane zagaye tara. Wanda ya tsaya a 3 gwani ne. Bob Gibson na St. Louis Cardinals ya gama kakar 1968 da 1.12, abin da ya taimaka wajen sa hukumar gasar ta rage tsayin tudun majefi daga santimita 38 zuwa 25 a shekarar da ta biyo, don masu bugu su samu su numfasa.

## Hanyar shiga

Ƙofa biyu ce. Matasan Amurka da Kanada da Puerto Rico suna shiga ne ta zaɓen da ake yi kowace shekara tun 1965, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar waɗanda suka gama sakandare ko 'yan jami'a bi da bi, galibi ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a kakar da ta gabata su ne ke kan gaba a layi. Wanda aka zaɓa ba shi da ikon cewa wata ƙungiyar yake so. Yaran sauran ƙasashe kuwa ana iya sa hannu da su tun suna shekara 16, shi ya sa duk ƙungiyoyin 30 ke da makarantar horo a Jamhuriyar Dominika.

Ko ta wace ƙofa aka shigo, ba a zarcewa babbar gasa. Akwai ƙananan gasa hawa-hawa, daga ta sababbin shiga zuwa wadda ake kira Triple-A, a ƙananan garuruwa, da doguwar tafiya a bas. Nan ake koya wa yaro jifa na biyu da na uku, domin gudu kaɗai yana isa a sakandare amma ba ya isa a gaban ƙwararru. Mafi yawan waɗanda suka shiga ba sa taɓa kaiwa sama. Albashin ƙananan gasannin ma abin tausayi ne a da: kafin 2023 mafi ƙarancinsa yana tsakanin dala 4,800 da 17,500 a shekara, sai da 'yan wasan suka shiga ƙungiyar ƙwadago aka ɗaga shi zuwa tsakanin 19,800 da 35,800.

An haifi Tommy John a 1943 a garin Terre Haute na jihar Indiana. Ya sa hannu da ƙungiyar Cleveland a 1961, kafin a fara tsarin zaɓe, ya hau babbar gasa a Satumban 1963. Farkonsa bai yi armashi ba, wasa 2 ya ci ya faɗi 11, sai aka yi musayarsa zuwa Chicago White Sox a 1965. A can ya zama majefi abin dogaro har shekara bakwai, kafin a sake musayarsa zuwa Los Angeles Dodgers, aka karɓi shahararren mai bugu Dick Allen a madadinsa.

## Kuɗi da kwantiragi

A zamanin da John ya fara, ɗan wasa tamkar mallakar ƙungiya yake. Akwai wani sharaɗi a kowane kwantiragi da ke ba ƙungiya damar sabunta shi ita kaɗai, don haka mutum ko ya karɓi abin da aka ba shi ko ya bar wasa. Wani ɗan wasa mai suna Curt Flood ya ƙi yarda a yi musayarsa a 1969, ya kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, ya faɗi a 1972. Waɗanda suka karya sharaɗin majefa biyu ne, Andy Messersmith, abokin wasan John a Dodgers, da Dave McNally. Sun yi kakar 1975 ba tare da sa hannu a sabon kwantiragi ba, kuma a Disamban shekarar mai sasanci Peter Seitz ya yanke cewa sun zama masu 'yancin kansu.

Tsarin da ya biyo baya shi ke aiki har yau. Shekara uku na farko a babbar gasa, ƙungiya ce ke yanke albashi, yawanci daf da mafi ƙaranci, wanda ya kasance dala 740,000 a 2024. Daga nan har shekara ta shida, idan ba a daidaita ba, kowane ɓangare ya kawo adadinsa gaban masu sasanci su zaɓi ɗaya. Sai mutum ya cika shekara shida sannan zai iya sayar da gwanintarsa ga wanda ya fi tayi. A nan manyan kuɗi suke: Gerrit Cole ya sami dala miliyan 324 na shekara tara daga Yankees a 2019, Yoshinobu Yamamoto ɗan Jafan ya sami miliyan 325 na shekara 12 daga Dodgers a 2023.

Tsarin nan ya fi matse majefi a kan kowa. Shekarun da hannunsa ke da cikakkiyar lafiya su ne shekarun da ake biyansa kaɗan, kuma kafin ya kai ga 'yanci, sau da yawa yana dab da shekara 30, hannun ya riga ya sha aiki. Ita ma ƙungiya caca take yi, domin kwantiragin MLB sai an biya shi duka ko ɗan wasa ya ji ciwo. Washington Nationals ta ba majefinta Stephen Strasburg dala miliyan 245 bayan ya jagorance ta ga cin kofi a 2019. Zagaye 31 da ɗan ɗori kawai ya ƙara jefawa kafin ciwo ya raba shi da wasa.

## Dalilin da gwiwar hannu ke lalacewa

Ƙarfin jifa ba daga hannu yake farawa ba. Majefi yana ɗaga ƙafa, ya yi dogon taku gangaren tudu, ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo. A wannan lokaci hannu yana can baya, ya lanƙwashe har sangalin hannun ya kusa kwanciya. Sai kafaɗa ta fizgo shi gaba da saurin da masu bincike suka auna ya kai digiri 7,000 a daƙiƙa, ɗaya daga cikin motsi mafi sauri da aka taɓa aunawa a jikin ɗan Adam.

A daidai lokacin da hannu ke baya jiki kuma ya yi gaba, ɓangaren gwiwar hannu na ciki, wanda ke kallon haƙarƙari, yana neman buɗewa. Abin da ke riƙe da shi wata gajeriyar jijiyar ɗauri ce da ta haɗa ƙashin damtse da ɗaya daga ƙasusuwan sangali, ana taƙaita sunanta da UCL. Gwaje-gwaje sun nuna cewa nauyin da jifa mai ƙarfi ke ɗora mata yana kusa da iyakar abin da za ta iya ɗauka, tsokokin da ke kewaye ne ke rage mata kaya. Idan tsokokin suka gaji, sai kayan ya koma kanta. Tsoka ana iya gina ta da motsa jiki, jijiyar ɗauri kuwa ba ta ƙaruwa haka, kuma jini ba ya isarta sosai, shi ya sa ba ta saurin warkewa. Kamar igiyar guga ce a bakin rijiya: zare ɗaya-ɗaya take tsinkewa tsawon shekaru, ranar da ta katse sai a ga kamar farat ɗaya ne.

Kafin 1974, wanda hakan ta same shi sai dai a ce hannunsa ya mutu, ya tattara ya koma gida. Sandy Koufax, gwarzon Dodgers, ya ci wasa 27 a 1966, ya yi ritaya a ƙarshen kakar yana da shekara 30 saboda ciwon gwiwar hannu.

## Tiyatar 1974

Ranar 17 ga Yulin 1974, John yana tsakiyar kakarsa mafi kyau, ya ci 13 ya faɗi 3, yana jifa a kan Montreal Expos sai ƙwallo ta kuɓuce masa ta tafi wani wuri daban. Ya sake gwadawa, haka ta sake yi, sai ya sauka daga tudu. Yana da shekara 31. Hutu bai yi magani ba, don haka likitan ƙungiyar, Dokta Frank Jobe, ya kawo shawarar abin da ba a taɓa yi wa majefi ba, wato a musanya jijiyar da wata daga jikin John ɗin kansa. Ya gaya masa cewa damar komawarsa wasa kamar ɗaya ce cikin ɗari. John ya amince, aka yi aikin ranar 25 ga Satumba.

Jijiyar da aka ɗauko tana sangalin hannu. Mai karatu zai iya ganin tasa: a haɗa babban yatsa da ƙaramin yatsa, a ɗan lanƙwaso wuyan hannu ciki, za a ga wata siririyar igiya ta taso a tsakiya. Ba ta da wani babban aiki, wasu mutane ma ba a haife su da ita ba. Jobe ya ciro ta daga hannun John na dama, ya huda ramuka a ƙasusuwa biyu na gwiwar hagu, ya zura ta ciki ya naɗa ta kamar lamba 8, ya ɗinke. Da tafiya ta yi tafiya, jiki yakan karɓi wannan dashe, ya mai da shi jijiyar ɗauri.

Abin bai tafi lami lafiya ba. Jijiyar da ke kai saƙo ga ƙananan yatsu, wadda ke sa mutum jin tsir idan ya bugi gwiwar hannu, ta sami matsala, yatsun John suka ƙanƙance, sai da aka sake buɗe hannun kafin ƙarshen shekara. Ya rasa kakar 1975 gaba ɗaya yana koyon riƙe ƙwallo daga farko. A 1976 ya dawo, ya ci 10 ya faɗi 10. A 1977 ya ci wasa 20, abin da bai taɓa yi ba da hannunsa na asali. Ya yi amfani da sabon 'yancin 'yan wasa ya koma Yankees, ya ci 21 a 1979 da 22 a 1980. Sau uku ya buga wasan ƙarshe na gasar, a 1977 da 1978 yana Dodgers suka sha kashi a hannun Yankees, a 1981 yana Yankees suka sha kashi a hannun Dodgers. Jimillar nasararsa 288 ce, 124 kafin tiyata, 164 bayanta.

## Abin da ya biyo baya

A yau wannan aiki ya zama ruwan dare. Kimanin kashi ɗaya bisa uku na majefan MLB an taɓa yi musu shi, kuma kusan huɗu cikin biyar sukan koma wasa, bayan jinya da horo na wata 12 zuwa 18. An yi wa majefi Shohei Ohtani aikin gwiwar hannu sau biyu, a 2018 da 2023. An yi wa Gerrit Cole a 2025. An kuma ƙirƙiro wata hanya ta gyara jijiyar da ɗaure ta da zare mai ƙarfi, wadda ke rage lokacin jinya ga wanda tasa ba ta gama lalacewa ba.

Abin da ke ɗaure kai shi ne majefan yau sun fi na da ƙarancin jifa, amma ciwon ƙaruwa yake yi. Babban dalili shi ne gudu. Matsakaicin jifa mai gudu ya tashi daga kusan kilomita 148 a 2008 zuwa sama da 151 a 2024. Majefin da, wanda ya san zagaye tara ke gabansa, yakan tanadi ƙarfinsa don lokacin da ya shiga tsaka mai wuya. Na yau ya san zagaye biyar ne ko ɗaya, kuma akwai na'urori da ke auna gudu da juyin kowane jifa, da su ake yanke wa za a ɗauka, wa za a sallama. Saboda haka yana zuba iyakar ƙarfinsa a kowane jifa. Rahoton da MLB ta fitar a Disamban 2024 ya ɗora laifin farko a kan wannan tseren. Ƙungiyar 'yan wasa kuma tana zargin agogon da aka kawo a 2023, wanda ya taƙaita hutun da ke tsakanin jifa da jifa zuwa daƙiƙa 15 idan babu kowa a zango, zargin da hukumar ba ta yarda da shi ba.

Dalili na biyu yana farawa tun ƙuruciya. Likitoci irin su James Andrews sun daɗe suna gargaɗi cewa yara na jifa duk shekara ba hutu, don masu farautar 'yan wasa su gan su. Gasar yara ta Little League ta sa iyakar jifa tun 2007. A Jafan, inda Daisuke Matsuzaka ya yi jifa 250 a wasa ɗaya na gasar sakandare ta Koshien a 1998 aka yi ta jinjina masa, an sa iyakar jifa 500 a mako daga 2020. Wasu iyaye ma sun ɗauka tiyatar na ƙara gudu. Ba ta ƙarawa. Wanda ya dawo da ƙarfi, shekarar horon da ya yi ce ta ba shi. John da kansa ya sha fitowa yana nuna takaicin yadda ake yi wa 'yan sakandare aikin da ke ɗauke da sunansa.

## Ƙarshen sana'a

Majefa kaɗan ne ke zaɓar ranar tafiyarsu. Yawanci gudu ne ke raguwa, a mai da mai buɗe wasa ya koma mai karɓa, daga nan a sallame shi. Wasu sukan tafi Jafan, Koriya ko Meziko su ƙara shekara biyu ko uku, wasu su zama masu horarwa ko masu sharhi. Wanda ya yi kwana 43 a babbar gasa ya cancanci wani kaso na fansho, cikakken fansho kuwa sai an yi shekara goma. Nolan Ryan, wanda ya yi kaka 27 ya fitar da masu bugu 5,714 da jifa, a fili jijiyar tasa ta katse a Satumban 1993, yana da shekara 46, kuma bai sake jifa a gasa ba.

Yankees ta sallami John a Mayun 1989, shi ma yana da shekara 46. Ya sha ba da labarin cewa ya gane lokaci ya yi ne da Mark McGwire, ɗan likitan haƙorinsa, ya fara bugun jifansa. Ya tsaya saura wasa 12 ya cika 300, adadin da majefa 24 kaɗai suka taɓa kaiwa, wanda kuma a al'ada yake buɗe ƙofar zauren karrama gwarazan wasan da ke Cooperstown a jihar New York. Shiga zauren na buƙatar kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'un marubuta labarin besbol. John ya yi shekara 15 a takardar ƙuri'a, bai taɓa kaiwa kashi 32 ba, domin masu zaɓe na ganin ya daɗe ne kawai, bai taɓa zama na ɗaya a zamaninsa ba. A Disamban 2024 wani kwamiti na mutum 16 ya sake duba sunansa. Ana buƙatar ƙuri'a 12, ya sami 7, kwamitin ya zaɓi Dave Parker da Dick Allen.